Ranar da Delu Mai Fura Ta Fita Ita Kaɗai

A Gawon Nama, in ka ce Delu sai a tambaye ka wace Delun, amma in ka ce Delu mai fura ko baƙon jiya zai nuna maka ƙofa. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, in kuwa ta yi ta to ta zauna ke nan. A Kwalkwalawa aka haife ta, gidan manoma, can ta koyi surfe da kirɓi tun taɓarya ta fi ta tsawo. Aure ya kawo ta cikin gari, gidan Malam Na'Allah tela, ta zo da turminta, kuma tun daga lokacin turmin bai san hutu ba. Furarta ba a unguwa kawai ta tsaya ba. Kullum da sassafe ana kai ta har Kwalkwalawa, rumfar wata mata mai suna Murja, wadda ke dama wa ɗaliban jami'a da ma'aikata.

Mai kaiwar kuwa Malam Na'Allah ne da kansa. Yana da wani tsohon babur ja da ba ya tashi a hannun kowa sai nasa. Da an sallame asuba zai turo shi ƙofar gida, ya goge kujera da gefen rigarsa, Delu ta hau baya ta ɗora robar fura a cinya, su kama hanya. Haka in za ta kasuwa, haka in za ta biki ko gaisuwar mutuwa ko asibiti. Abokansa teloli har tsiya suke yi masa, wai ya ajiye ɗinki ya koma kabu-kabun mutum ɗaya, shi kuwa sai dai ya yi murmushi ya buga babur ɗinsa. Ba kulle ya yi mata ba, kada a ɗauki alhakin bawan Allah. Shi dai irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin nasu tsaye bakin titi cikin rana yana ɗaga hannu. Ita ma ta saba, har furfura ta fito mata ba ta taɓa tsayar da abin hawa da kanta ba.

Farkon daminar bana Malam ya kwanta ciwo, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Delu ta shiga takaba. Aka kife turmi a gindin katanga, ta zauna ɗaka ba ado ba fita, gari sai dai ta ji ƙararsa daga nesa. Kafin ta gama, gero ya nuna a gonaki har an fara girbi.

Ranar da ta fita takaba aka yi sadaka, aka ci aka watse, sai ɗanta Gazali ya tsaya. Shi ne namiji ɗaya cikin 'ya'yanta, ma'aikacin ofis ne, yana Mabera da iyalinsa, ƙannensa mata kuwa duk suna gidajen aurensu a wasu garuruwa. Yaron kirki ne, sai dai ya ɗauko halin ubansa na son ɗauke wa mutum nauyi ko mutumin bai ce ya gaji ba. Ya zauna gefen tabarma ya sunkuyar da kai.

"Inna, mun gyara miki ɗaki. Ke ɗai cikin gidan ga ba shi yiwuwa. Hurar ga kuma ki bar ta haka nan, kin yi iyakar yinki."

Delu ta dube shi. A cikin gidan nan ta haife shi, a tsakar gidan nan ta yi kirɓi da shi goye a bayanta. Ta san ɗakin da yake faɗi, mai tayil da fanka, ta kuma san in ta shige shi ba sauran abin da za ta yi a duniya sai jiran a kawo mata abinci.

"Ina nan gidana," ta ce. "Hura kuma jibi za ni koma mata."

"Wa ka kai ki, Inna? Baba ba shi nan. Ko Mabera ba ki iya kai kanki."

Wannan maganar ce ta sosa mata rai, don ta san akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Sai ta ɗaga murya kaɗan, abin da ba ta saba ba.

"Garin ga na san shi kamar yunwar cikina. Gobe ina da yawon godiya gidan gwaggonka Atika, ina da sayen kayan yaji, ina da zuwa Kwalkwalawa. Ni ɗai za ni tahi. In niɓ ɓace, zo da motarka ka kwashe ni, ba ni ƙara cewa komi."

Gazali ya ce ya ji, zai zo goben da yamma. Ta san ya riƙe maganar, don a gidan nan ba a wasa da alkawari.

Washegari da hantsi ta sa sabon zanenta na fitar takaba, ta rufe gida, ta nufi titi. Tsayar da keke napep, wanda ta yi ta fargaba tun dare, ashe ba wani abu ba ne. Ko hannun ba ta gama ɗagawa ba ɗaya ya tsaya. Wasu mata biyu masu jiki sun riga ta, da kayansu a cinya, ta ɓangarensu kuma an saki labulen leda saboda rana. Delu ta ɗosana a bakin kujera ta hannun dama.

"Ina zuwa, Inna?" in ji direban.

"Mabera."

"Mabera ina? Mabera da yawa take."

"Mu tahi dai. In munka kai ina hwaɗa maka."

Ta faɗi haka da ƙarfin zuciya, don gidan Atika, yayar mijinta, ba ta san iyakar zuwan da ta yi ba. Ta san alamunsa a jere: masallaci mai koren hasumiya, sai mai walda da ke jingine ƙofofin ƙarfe a bakin titi, sai wata babbar darbejiya da mai rake ke zama gindinta, kwanar da ke bayan itacen ita ce tasu. Ta kafa ido waje tana jira. Ga shagunan taya, ga wata makaranta mai shuɗin fenti, ga masu sayar da katifa, ga wani gidan biredi da ƙamshinsa ya cika hanya. Ko ɗaya ba ta taɓa gani ba. Ta ce a ranta, ikon Allah, 'yan watannin da na yi a ɗaka har an sake gari haka. Ta ci gaba da jiran masallacin, masallaci bai zo ba.

Kwalta ta ƙare, gidaje suka fara zama kangaye da ba a gama ginawa ba. Direba ya tsaya ya kashe inji.

"Inna, nan aƙ ƙarshe. Ba mu wuce nan."

Matan nan biyu suka ce ta ba su hanya, suka sauka suka yi gaba. Delu ta sallami direba ta tsaya ita kaɗai, rana ta fara cizo, ba fuska ɗaya da ta sani. Kunya ce ta fara kama ta, sannan tsoro. Tafiyar farko ke nan, gidan da ta fi sani a duniya bayan nata, ga ta tsaye tana raba ido kamar wadda aka sauke daga motar wani gari. Wayarta na cikin jaka, ta san in ta danna sunan Gazali zai baro ofis yanzu-yanzu, ba zai ma ce mata ai na faɗa miki ba, kuma wannan shirun nasa ne ta fi gudu. Ta bar wayar inda take. Ta tsallaka titi, ta tsayar da wani napep mai komawa cikin gari, ta sake zama a bakin kujera ta dama, da niyyar ta koma gida ta san abin yi.

Ba su yi nisa ba sai ga darbejiyar. Ga mai raken nan zaune yana fere, da hularsa ta kullum. Can gaba ga ƙofofin mai walda suna ƙyalli, ga koren hasumiya a bayansu. Duk suna nan, ba wanda ya gusa, sai dai yau na ƙarshe ne ya fara zuwa. Ta buga ƙarfen napep ta ce a tsaya.

Nan gindin itacen ta tsaya tana duban titin, wannan gefe da wancan, har abin ya faɗo mata. A bayan babur zaman gefe take yi irin na matan da suka san darajar zanensu, ƙafafu biyu ta hagu, don salansar babur ɗin, bututun hayaƙin nan mai zafi, tana dama. Duk tsawon aurenta hagu take fuskanta. Malam kuma yana da wata ɗabi'a, in ya zo ta wata hanya ba ya komawa ta ita, sai ya zagaya ya gaisa da wane ya leƙa shagon wane. Don haka wannan titi, da wasu da yawa irinsa, gefe ɗaya kawai ta taɓa gani. Makarantar nan da gidan biredin nan suna nan shekara da shekaru, baya take ba su kullum.

Dariya ta so kama ta, sai ta ji hawaye ne ke zuwa. Ta ji haushin Malam, karo na farko tun rasuwarsa, haushin mutumin da ya lallaɓa ta har ya bar ta da rabin gari. Nan take kuma ta ji kewarsa ta danne haushin, don ta tuna yadda yake rage gudu in sun zo rami ba tare da ya ce komai ba. Mai rake ya ɗago ya gane ta, ya yi mata gaisuwar rashi, ta amsa ta goge fuska da gefen mayafi ta shiga kwana.

Atika tsohuwa ce da ƙafa ta ƙi amma baki bai ƙi ba. Suka yi kuka tare, suka yi wa mamaci addu'a, Delu ta yi godiyar ɗawainiyar da aka yi da ita. Sai tsohuwa ta leƙa bayanta.

"Wa yak kawo ki?"

"Ni nik kawo kaina."

"Shi ya sa tun hantsi nika jira sai yanzu. Delu, bi ɗanki ki huta. Wahala ba ibada ta ba. Ni da kika gani nan, da anka ce in zauna, zama niy yi."

Delu ta dubi tsohuwar, ta dubi tabarmar da ta lotsa daidai inda take zama, da butar da aka ajiye mata kusa don kada ta tashi. Ta ce Allah ya ƙara lafiya, ba ta ce komai game da ɓatan hanya ba. Ta yi azahar a can ta fito.

Daga nan ta sake dabara. Duk napep ɗin da ta shiga sai ta tambayi direba sunan wurin da suka wuce, ba kunya ba nauyin baki. "Nan mi aka ce mai?" Wani ya amsa da fara'a, wani ya amsa da ƙyar yana tsammanin 'yar ƙauye ce ta shigo birni. Ta bar shi da tsammaninsa. A da ita wurare ba su da suna, akwai dai wurin mai kifi da wurin da Malam ke shan mai, yanzu kuwa sai ta ji kowane shatale da kowace kwana da abin da ake kiransu, tana maimaitawa a ranta kamar mai hadda. A kasuwa ta sayi citta da kanumfari da barkono, ta shinshina ta mayar da wata citta da ta sha iska, mai kayan ya ce lallai Delu ta dawo.

A Dandima ta shiga bas ɗin jami'a. Ɗalibai sun cika ta maƙil, kowa da waya a hannu, wata ta matsa mata ta zauna. Wannan hanya dai ɗaya ce, ta ita ake zuwa ta ita ake dawowa, don haka ta san ta ciki da waje. Da suka hau gada ta ga gulbi ya cika ya batse, shinkafa ta yi kore shar a fadama, masunta na jan koma can nesa. Iskar wurin ta bugo ta taga, irin wadda ta saba sha kowace safiya, sai ta ji ƙirjinta ya buɗe. Abin da ya dame ta ɗaya ne, jinkirin bas. Sai ta cika take tashi, a hanya kuma a tsaya a sauke wannan a ɗauki wancan. Tafiyar da babur ke yi kafin shayi ya huce, yau ta ci mata abin da ta ci.

Murja na ganinta ta saki ludayi ta rungume ta. Bayan gaisuwa da addu'a ta ce tun da Delu ta shiga ɗaka take karɓar fura wurin wata maƙwabciya, ba laifi, amma masu sha sun yi ta tambaya. Sai kuma ta ƙara da cewa:

"Sai dai, Yaya Delu, kin san yaran ga tun da sassahe suka biyowa kahin su shiga aji. In rana ta ɗaga, an wuce wurin. Da Malam ka kawo ki kan kari. Yanzu hwa?"

Delu ta riga ta yi wannan tunanin tun a cikin bas. In tana son ta kama motar farko, sai ta bar gida da an sallame asuba. In kuwa za ta bar gida a lokacin, to kirɓi sai ya koma kafin kiran sallar farko, niƙa kuma tun yamma. Ke nan hirar bayan isha'i ta ƙare, barci da wuri, tashi da wuri, kamar zamanin da take amarya tana yi wa gidan surukai daka kafin kowa ya motsa. Ta auna ƙarfin kafaɗunta a ranta, ba su kai na da ba, amma ba su mutu ba.

"Gobe kina gani na, in Allah ya so," ta ce.

Ta biya gidan iyayenta nan Kwalkwalawa, ƙanenta Mode ya auna mata sabon gero rabin buhu, ya ɗora mata a bas da kansa. A Dandima ta sa aka sauke, ta ɗauki shatar napep har ƙofar gida, kuma ita ta yi ta nuna hanya, nan dama nan hagu, da sunayen da ta koya yau.

Rana ta yi ja sa'ad da suka shigo layin. Motar Gazali na ƙofar gida, shi kuma yana tsaye jikinta, kallo ɗaya za ka san ya daɗe yana duban bakin titi. Da ya gan ta sai kafaɗunsa suka sauka. Ya zo da sauri ya sauke buhun ya ajiye a ƙasa, mai napep ya juya ya tafi.

"Sannu, Inna. Kin dawo lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ba ki dai ɓace ba?"

Ba wani sananne da ya gan ta a ƙarshen Mabera, ba wanda zai taɓa faɗa masa. Kalma ɗaya ce tsakaninta da gidanta. Amma ita ta koya wa yaron nan cewa ba a yi mata ƙarya, ba za ta fara yi masa yau ba don ta tsira da ɗaki da turmi.

"Na ɓace," ta ce. "Tahiyar hwarko ma. Har inda kwalta taƙ ƙare anka kai ni."

Ta ba shi labari duka a tsaye, da zaman gefe, da salansar babur, da darbejiyar da ta zo daga baya. Gazali ya fara murmushi, murmushin ya tsaya a hanya, ya kau da kai yana duban ƙofar gidan ubansa.

"Mi ya hana ki kira ni?"

"Da na kira ka, da har yau rabin garin nis sani." Ta gyara mayafi. "Amma alkawali na ɗauka, ban mance ba. In kac ce in tashi, yanzu ina shiga in ɗaure kayana."

Ta bar masa maganar. Ya dubi buhun da ke ƙasa. Can ya sunkuya ya ciccibi buhun geron ya saɓa a kafaɗa, farar rigarsa ta ofis ta kwashi ƙura. Mota na damansa, zaure na hagunsa. Delu ta bi shi da ido har ya sunkuyar da kai ya shiga zaure.

Ya ajiye buhun a tsakar gida, ya je gindin katanga ya tayar da turmin da ke kife, ya kakkaɓe shi ya mirgino shi inda yake zama da.

"Bari in dinga zuwa da sahe ina kai ki tasha, ko Dandima ɗai."

"A'a. Ka zo ran Juma'a da yara, in dama musu."

Bai sake roƙo ba. Ya ce ta riƙa barin wayarta a kunne, ta ce to. Ta raka shi zaure, ta ce ya gaida mutan gidan, ya yi sauri kada magariba ta same shi a hanya.

Motar ta tashi ba kowa a bayanta. Delu ta tsaya tana jin ƙararta har ta ɓace a kwana, kuma sai a lokacin abin ya sauko mata. Ta samu abin da ta nema, ga shi kuwa abin da ta nema gida ne da ba kowa a cikinsa sai ita. Ta ji tsoro sosai, har bakinta ya buɗe kamar za ta kira sunansa, ko da yake ya yi nisa. Ta tsaya haka riƙe da ƙyauren ƙofa har numfashinta ya daidaita. Sannan ta koma ciki ta kwance bakin buhu, don in ba ta yi surfe yanzu ba mai injin niƙa zai rufe.